Wane Lemu Ne Naki, Mama?

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata, Mama Rahila,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina hutawa lafiya a inda babu ciwon gwiwa, babu hayaƙin murhu. Idan kin tambayi lafiyarmu, muna nan cikin alherin Allah. 'Yarki ce Saratu ke rubuto miki daga Kafanchan, daga gidan nan na bayan kwatas ɗin reluwe. Na san waɗansu za su leƙa su karanta. Su karanta, ba komai, wataƙila a cikinsu akwai wanda ya je jana'izarki kuma ya fi ni riƙe abu a ka.

Mama, tambaya ɗaya ce ta kawo ni, amma kin san halina, sai na zagaya kafin in iso.

Jikanki Dauda ya kawo iyalinsa hutun Kirsimeti daga Abuja. Ba ki san yaransa ba. Babbar ita ce takwararki, Rahila, muna ce mata Mama Ƙarama. Ta shiga firamare, kuma bakinki ta kwaso kaf, ba ta rage wa kowa ba. Ƙaramin shi ne Bulus, angona, wanda bai san komai a duniya ba sai gudu da cin ƙasa. Hausarsu ta 'yan Abuja ce, in na yi musu doguwar magana sai su juya su dubi uwarsu. Uwar tasu kuwa, Nkechi, 'yar reluwe ce kamar ni. A layinmu aka haife ta, Hausarta ma ta fi ta mijinta.

Tun kafin su zo na cika musu kunne a waya da labarin hutunmu na dā. Na gaya musu yadda kike ɗaure mana guzuri a kwano da tsohon ɗankwali, dafaffiyar gyaɗa da rogo da ƙuliƙuli. Na gaya musu yadda kike zaunar da mu a bakin tagar jirgin ƙasa, kina kiran sunan kowane gari da kowane dutse, mu kuma mu maimaita kamar 'yan makarantar Lahadi. In ɗayanmu ya fara gyangyaɗi sai ki mintsine shi ki ce, “Ku buɗe ido, wata rana ba ni a jirgin nan.” Na yi musu alkawari ni ma haka zan yi musu.

Tsohuwar tasha muka fara zuwa. Muka tsaya, muka tsaya, ranar dai babu jirgi, sai awaki suna kiwo a gefen dogo. Takwararki ta kama ƙugu ta ce, “Kaka, ina jirgin?” Na ce shi ma ya tafi gida Kirsimeti. Sai na ja su zan nuna musu famfon da kike wanke mana fuska kafin mu shiga tarago. Na nufi dama da ƙarfina. Nkechi ta ce a hankali, “Mama, ai a hagu yake.” A hagun kuwa yake. Na yi dariya na ce tsufa ne, muka wuce.

Washegari muka tafi Matsirga kallon ruwan nan mai zubowa daga kan dutse. Kai, Mama, na sha kunya! Na riga na gaya musu tun daga nesa za su ji ƙararsa a ƙirji. Na manta cewa da damina muke zuwa da ke, yanzu kuwa rani ne, ruwan ya ja baya. Rahila ta dube shi sama da ƙasa ta ce famfon banɗakinsu ya fi shi surutu. Amma sun ji daɗi fa. Mun shimfiɗa tabarma mun ci shinkafa da kaza, Bulus ya jefa takalminsa ɗaya cikin ruwa ya tafa hannu, ubansa ya shiga neman takalmi da wandon coci. Na yi dariya har da hawaye. Duk da haka, ina zaune ina tambayar kaina, ruwan ne ya ragu haka, ko kuwa ni ce na ƙara masa girma a kaina?

Babbar tafiyar ita ce zuwa wurinki. Kin san al'adar gidanmu: bayan Kirsimeti a je ƙauye a cire wa na ƙasa ciyawa, a share, a yi addu'a, kuma yaron da ya ci sunan mamaci shi ke fara sa tsintsiya. Na daɗe ban je ba, Mama. Ga gwiwa, ga shekarun nan da hanya ba ta da daɗin bi. Bana na ce ko da rarrafe ne sai takwararki ta share miki. A kasuwar Zonkwa muka tsaya na saya mata 'yar tsintsiya daidai hannunta. Ta rungume ta a mota, ko ƙaninta ba ta bari ya taɓa ba.

Hanya duk citta ce, an tsaga an shanya a kan duwatsu da bakin titi, ƙamshinta yana sa Bulus atishawa. Na fara kira musu sunayen garuruwa suna maimaitawa, abin gwanin daɗi. Sai muka zo dutsen nan mai kama da tukunya a kife, wanda kike cewa in mun gan shi mu fara neman takalmanmu. Na buɗe baki, sunan ya ƙi zuwa. Na ce, “Wancan kuma… dutse ne.” Yara suka haɗa baki suka ce, “Dutse ne!” Kowa ya yi dariya. Har yanzu da nake rubutun nan sunan bai dawo ba.

Yanzu bari in tuna miki abin da kika jawo mana, don da laifinki a ciki. Kin ga yadda aka yi wa Baba kabarin siminti, ya tsage, awaki suka mai da shi wurin shan hantsi. Kika ce, “Ni ba benci ba ce. Ku dasa mini lemu, yara su sha su tuna da ni.” Mun ji maganarki. Amma kafin ke, an riga an dasa wa Goggo Laraba lemu a wurin, kuma ke kika ce a dasa.

Allah sarki, Goggo Laraba, ƙanwar Baba. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, ku biyu ba ku taɓa wuni ba ku yi faɗa ba. Kun yi a kan gishirin miya, kun yi a kan kaza, kun yi a kan wa zai ɗauko waƙa a Zumuntar Mata. Takan ce, “Rahila, muryarki ta kori mala'iku.” Ke kuma ki ce, “Da suka ji taki ai ba su dawo ba.” Ta riga ki tafiya, kika bi ta bayan damina ta zagayo, aka kwantar da ku gefe da gefe a bayan gida. Ni abin da na riƙe a kaina shi ne, naki ne na kusa da rumbu.

Mama, babu rumbu.

Ya faɗi tun tuni, an kwashe ƙasar. Baba Yohanna, ƙanin Baba, ya rushe tsohon gidan ya gina na bulo da kwano, ƙofar ma yanzu sabuwar hanya take kallo. Inda na san bayan gida ya zama gefen gida, kuma ko'ina gonar citta ce da aka haƙe. Sai itatuwan lemu biyu a tsaye, tsayinsu ɗaya, duka sun yi 'ya'ya. Na tsaya na juya nan, na juya can, ina neman gabas. Rahila ta ɗaga tsintsiyarta ta ce, “Kaka, wanne zan share?”

Ni da na yi shekaru ina koyarwa a firamare, ban taɓa rasa amsar da zan ba yaro ba. Ranar na rasa. Na ce mata, “Ban sani ba, Mama.” Kunya ta rufe ni, ga surukata a tsaye.

Aka kira Baba Yohanna ya zo da sandarsa. Ya ce ai abu mai sauƙi ne, ɗaya lemun zaƙi ne ɗaya tsami, kuma “mai tsami na Laraba ne, kowa ya san bakin shi.” Matarsa ta fito daga kicin ta ce ƙarya ne, Laraba baki ne kawai, mai tsamin gaske Rahila ce, Allah ya ji ƙanta. Ki yi haƙuri, haka ta faɗa, a gaban takwararki. Na tambayi inda rumbu yake dā. Baba Yohanna ya nuna wajen turken akuya. Dauda ya ce a'a, yana yaro ya faɗo daga kan rumbun nan, kuma wajen rijiya ne. Matar Baba Yohanna ta ce dukansu sun yi gaskiya, rumbu biyu ne. Rumbu biyu! Ni ɗaya na sani, Mama. Ko biyu ne?

Nkechi ta tsinko lemu daga kowane itace ta yanka, wai a ɗanɗana a raba gardama. Bulus ya sha na farko ya yamutsa fuska. Ya sha na biyu ya fashe da kuka. Duka biyun tsami ne.

A ƙarshe takwararki ta gaji da mu. Ta share wannan, ta share wancan, ta share tsakaninsu, muka cire ciyawa, Baba Yohanna ya yi addu'a ya ambaci sunayenku duka. Ni kuwa na durƙusa ban san wajen da zan fuskanta ba. Idan Goggo na juya wa baya, za ta ce halin uwata na yi. Idan ke na juya wa baya, ina zan sa kaina?

Kafin mu tashi Dauda ya ja ni gefe. Ya ce ba zai yarda 'yarsa ta girma ba ta san inda kakar ubanta take ba. Yana so kafin Ista a zuba siminti a rubuta suna, ni dai in nuna masa wurin. Na gaya masa kin hana siminti. Ya ce to ko allon ƙarfe ne a kafa, amma sai na nuna. Ki duba mini wannan al'amari, Mama. In na nuna ba daidai ba, sunanki zai zauna a kan Goggo Laraba har ranar tashin matattu, ita kuma a ce mata Rahila. Wane irin faɗa za ku yi a can?

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. A hanyar dawowa yara sun yi barci, rana tana dukan gilashi, na ji ƙishi. Na miƙa hannu wajen Nkechi na ce, “Laraba, ba ni ruwa.” Ta yi dariya ta miƙo mini, ta ce yau Goggo ta biyo mu. Ni ma na yi dariya. Dauda bai yi ba. Ta madubi ya dube ni, ya mai da idonsa kan hanya.

Shi ma ya tuna, kamar yadda na tuna. Haka naki ya fara. Bayan rasuwar Goggo kika soma neman ludayi alhali yana hannunki, kika ɓata a hanyar coci, sannan kowa ya zama Laraba. Ni Laraba, fasto Laraba. Na yi miki wanka, na ba ki kunu a baki, ki dube ni ki ce, “Laraba, yau ba ki zage ni ba, lafiya?” Sunana ya fita daga bakinki tun kafin ranki ya fita. Ban taɓa gaya miki yadda abin ya yi mini ciwo ba, don ba laifinki ba ne.

To ki gaya mini, Mama, ke kin san lokacin da ya fara miki? Kin ji shi yana zuwa? Ko ke ma cewa kika yi tsufa ne, kika yi dariya kika wuce? Wataƙila gajiya ce kawai. An canja gida, an canja hanya, kowa ma zai iya rikicewa, ga Baba Yohanna da matarsa ma ba su daidaita ba. Haka nake gaya wa kaina da safe. Da yamma kuma sai in tuna famfo, in tuna dutse. Tsoro nake ji, Mama. Ina tsoron ranar da Rahila za ta shigo da gudu ta ce Kaka, in dube ta in tambaye ta 'yar wace ce.

Nkechi ta ce za ta kai ni ganin likita bayan sabuwar shekara, kuma na yarda. Dauda kuwa na ba shi amsarsa tun kafin su koma, tun kaina yana nawa. Na ce kada ya zuba siminti, kada ya kafa allo, don ba zan nuna abin da ban tabbatar ba. Na ce idan lokacina ya yi, a sa ni a tsakanin lemun nan biyu, inda 'yarsa ta share. Akwai wuri, na auna da ƙafata. Duk wanda ya zo share nawa, dole tsintsiyarsa ta taɓa naku duka. Bai ji daɗin maganar ba, amma na sa ya maimaita, na sa Nkechi ma ta maimaita, yadda kike sa mu yi a bakin taga.

Ubangiji ya ba ki hutawa, ke da Baba da Goggo Laraba. Ya raya takwararki da ƙaninta, ya buɗe musu ido a hanya. Ni kuma, in ya ga dama ya bar mini hankalina har ƙarshe. In kuwa zai karɓa, ya bar mini sunayen yaran nan su zama na ƙarshen fita. Amin.

Ki gaida Goggo, ki ce mata an share nata tsaf. Ku ɗan matsa mini wuri. In na iso zan duba hagu in duba dama in gani da idona. Amma in na zo ban gane ki ba, Mama, don Allah wannan karon ke ki fara kiran sunana.

Taki har kullum,
Saratu