Ba Donal Ne Ya Kai Ƙararka Ba

Listowel,
4 ga Nuwamba, 1986.

Zuwa ga aminina Cathal,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Noreen da yara. Yaya gwiwar taka? Mu nan kullum ruwa, kasuwar shanu kuwa sai a hankali.

Ka san halina, na sha sayar da tsohuwar saniya a matsayin karsana, mai saye har da godiya. To yau ba ciniki ya kawo ni ba.

Ka tuna 1958, zamanin da aka hana mai buga ƙwallonmu na gargajiya na Ireland taɓa ƙwallon ƙafa irin na Ingila, ko da kallo ne? Ka saci jiki zuwa Tralee ka buga da sunan wani. Kwamitin ƙwallonmu ya ji, aka dakatar da kai ana saura kwana shida wasan ƙarshe. Babanka ya daina yi maka magana, ka haye Ingila da akwati ɗaya. Sau goma sha tara ka sa koriyar riga ka buga wa Ireland wasa, tsohon bai taɓa kunna rediyo ya saurara ba.

Ka ɗauka wanka Donal ne ya kai ƙara. Ni ne, Cathal. Gurbinka na tsakiyar fili nake so. Na kuwa samu, aka lallasa mu, har yau a mashaya "ƙafar katako" ake kirana.

Da ka zargi Donal na yi gum, har na ɗan ƙara gishiri. Amma duk ƙwallon da ka ci, ni nake fara bugun ƙirji a gari, wai abokina ne. Na furta wa Fada a coci, ya ce ai ba shi na zalunta ba.

Donal yana asibiti, ciwon huhu. Likita ya ce da wuya ya ga Kirsimeti. Jiya na gaya masa gaskiya. Ya ce tun tuni ya sani, amma ƙanin da zai gaskata dillalin shanu a kansa, me zai ce masa? Da na miƙe zan tafi sai ya tambaya ko kana da lambar wayar asibitin.

Tana bayan takardar nan. Zagina ka ajiye sai daga baya, ina nan ba inda za ni. Shi ne ba zai jira ba.

Ka gaida Noreen.

Naka, in har yanzu kana so,
Malachy Tuohy