Gidan Abhur Ba Namu Ba Ne

Zuwa ga Yaya Bara'atu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da yara, da fatan kowa lafiya a Jidda.

Kin san tun da aka mai da ƙauyen nan na Amurka birni, ni aka fara zaɓa magajin gari. To, zaɓe ya sake zagayowa. 'Yan kamfe za su turo wata mai ɗaukar fim, Hind, ta ɗauki gidan da na tashi. Hoton Baba a ƙofar gidan nan na unguwar Abhur yana ofishina, mutane sun ɗauka gidanmu ne, ni kuma ban gyara musu ba. Don Allah ki kai ta can. Abokin takarata jira yake in yi tuntuɓe.

Ƙaninki,
Khalil

Khalil,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai zafi.

Ranka ya daɗe, magajin gari! Ashe muna da gida a bakin teku ban sani ba? Gidan kafili ne, ubangidan Baba, ya walad, kai yaro. Baba direba ne, ko ruwa zai sha sai ta ƙofar baya. Ran da aka ɗauki hoton ma, jira yake matar gidan ta fito ya kai ta kasuwa.

A unguwar Nuzla aka yanke maka cibi. Babanmu Maman Lawali ya yi tuƙi har idonsa ya mutu don ka yi karatu, ba zan liƙa masa gidan wani bayan ransa ba. Wallahi ka ɓata min rai. Nuzla zan kai ta, halas, magana ta ƙare.

Ka gaida iyali.
Bara'atu

Yaya,

Bayan gaisuwa, ki rufa min asiri. Ni na kawo wa mutanen nan asibiti, amma ranar da aka ce maƙaryaci ne ni, kujerar ta tafi. In ba za ki iya ba, ki ce ba ki da lafiya.

Allah ya huci zuciyarki.
Khalil

Khalil,

Salam. Lafiyata ƙalau.

Hind ta zo. Ta ɗauki lungunmu da ɗakinmu, tsofaffin direbobi sun ba ta labarin Baba har ta manta da shayinta. Ranar Juma'a fim zai iso muku. Yalla, maza ka faɗa wa mutanen garinka da bakinka kafin su ji daga nawa.

In sun kore ka, ka dawo. Ɗakin bai ƙi ka ba.

Yayarka,
Bara'atu