Mai Zanen Shuɗi ko Mai Zanen Kore

Tigre, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayana Amilcar,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya iskar Comodoro da kullum kake kuka da ita? Ina fata matarka Ofelia ta samu sauƙin ciwon bayan nan. Mu nan lafiya lau, maigidana Fermin da 'yan matanmu, Delfina da Rocio, duk suna gaishe ka.

Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma ban ji haushi ba da ka ce a kawo Baba ya zauna a wajenka. Gaskiya ka faɗa. Tun da ciwon suga ya tafi da idanunsa, mutumin da ya yi shekara talatin da takwas yana tuƙa jirgin fasinja a rassan kogin nan ya koma kujera ɗaya a baranda. Ko rediyo ya daina kunnawa. In na miƙa masa shayin mate sai ya riƙe har ya huce a hannunsa. Amma ka ba ni wata biyu, domin wani abu ya faru ranar Talata.

Ka san Fermin ya daɗe yana son ƙaramin jirgi mai inji na kai iyali yawo tsibirai. Ya zagaya ya zagaya, yanzu ya tsaya a kan guda biyu a wajen Dona Herminia, wadda ke sayar da jirage a bakin kogin Lujan. Tsawonsu ɗaya, ƙarfin injinsu ɗaya, kuɗinsu ma kusan ɗaya. Dukansu farare ne, ɗaya da zanen shuɗi, ɗaya da zanen kore. Mako biyu ba mu ci abinci cikin kwanciyar hankali ba. Delfina na bayan mai shuɗi, Rocio na bayan mai kore, ubansu kuwa da safe nan, da yamma can.

Ranar Talatar ana cikin wannan gardama sai muka ji muryar Baba daga ƙarshen tebur yana tambaya ko mun shiga ruwa da su. Fermin ya ce a'a, a kan tudu ya gan su. Baba ya ce, "Jirgi a kan tudu ai akwati ne." Fermin, Allah ya saka masa, nan take ya ce to Baba ya raka mu ranar Litinin, tunda ita ce ranar da yake rufe gidan burodinsa. Baba ya ce yanzu makaho ne zai zaɓa muku launi? Fermin ya ce, "Masu zaɓen launi muna da su har biyu, Baba. Kunne muke nema."

Bai ce e ba. Amma jiya ya tambaye ni inda takalmansa na roba suke.

Ka gaida Ofelia da kyau.

Ƙanwarka,
Nelida

Tigre, 17 ga Nuwamba

Yaya Amilcar,

Ina gaishe ka, ina fata kuna lafiya kai da Ofelia. Mu ma lafiya. Da ma kana nan ranar Litinin ka ga ubanka.

Dona Herminia na hango shi ta baro ofis da gudu, ta riƙe hannunsa biyu, wai a jirginsa ta je makaranta shekara bakwai. Ya ce ta ƙara magana. Tana ƙarawa ya ce ai ke ce mai amai a kujerar baya. Matar nan da furfurarta ta yi dariya har da hawaye.

Kafin a sauke jiragen cikin ruwa ya zagaya kowanne da tafin hannu, yana shafawa yana ƙwanƙwasawa, yana kara kunne kamar mai sayen kankana. Ya shiga ciki ya auna bangon kowanne da cinyarsa, ya sa Rocio ta tsaya ya taɓa ya ji inda ya kai mata.

Mai shuɗi muka fara shiga, Fermin na tuƙi. Jirgin nan akwai zafin nama, kana taɓa shi ya ɗaga hanci ya cilla. 'Yan mata sai ihu suke yi. Na juya na ga Baba ya ɗaga fuska yana shan iska, ya ce wannan doki ne. Mai kore kuwa ba ya gaggawar tashi, kwance yake tafiya a kan ruwa. Muna cikinsa Baba ya dafa kafaɗar Fermin ya ce ya rage gudu ya juya hanci dama, jirgin fasinja na ƙarfe goma na tafe. Mu masu ido ba mu ga komai ba. Can sai ga shi ya ɓullo daga kwana ya turo mana taguwar ruwa, muka hau ta muka sauka lafiya. Baba har sunan matuƙin ya faɗa, wai shekara ashirin yana gaya masa ya daina azabtar da inji.

Da muka dawo gaɓa Dona Herminia ta dubi Baba ta ce to, Don Osvaldo, wanne? Ya ce duka biyun lafiyayyu ne, wanda ya zagi ɗaya ya yi ƙarya. Sai ya tambayi wa zai riƙa tuƙawa. Fermin ya ce shi mana. Baba ya ce, "Kai da Asabar da Lahadi kana bakin tanda har azahar? Sai jirgin ya yi gansakuka yana jiran ka. Nelida, zo nan."

Ka san ban taɓa riƙe sitiyari ba. Kai ya koya wa, ni kuwa duk lokacin da na matso sai ya ce in je in taya Mama. Ya sa muka sake fita, Dona Herminia a gefena tana nuna mini abin da zan taɓa. A mai shuɗi, da na ƙara wuta ya ce in faɗa masa abin da nake gani. Na ce hancin jirgi da sararin sama. A mai kore ya sake tambaya. Na ce kogi nake gani, ga wani kututture can yana tahowa. Ya ce shi ke nan, gajeruwa ce matuƙiyarku, ku saya mata wanda take ganin gabanta.

Na san mai shuɗi ne ya shiga ran Fermin. Ya tsaya ya kalle shi, ya shafa shi, sannan ya ce da ma shi kore ya fi yi masa kyau da fata. Muka yi dariya. A mota Baba ya lalubo hannuna ya ce, "Na yi miki rowar kogi, 'yata."

Na shiga ajin neman takardar tuƙi. Ka yi mini addu'a.

Taka,
Nelida

Tigre, 12 ga Janairu

Yayana abin ƙauna,

Barka da sabuwar shekara, Allah ya sa mun shige ta da ƙafar dama. Ina fata kuna lafiya. Alewar da Ofelia ta aiko ta iso, ba ta kwana biyu ba.

Takardar tuƙi ta fito. Ranar Lahadi da azahar muka loda nama da gawayi da burodin Fermin muka nufi tsibiri, ni a sitiyari, Baba a bayana yana lissafa kwanoni da mashigai tun kafin mu kai, ko ɗaya bai kuskure ba. Har muka zo inda rafi ya rabu biyu. Ya ce in bi hagu, nan ne mai zurfi. Na duba na ga ruwan hagun ya sauya launi, ga zalɓe uku tsaye a tsakiyarsa, ruwan ko gwiwarsu bai kai ba. Na ce Baba, ba zan bi ba. Ya ɗaga murya irin ta da, ya ce ya bi nan sau dubu tun ban san hannun damana ba. Na kashe gudu na tsaya a bakin wurin.

Ya ce a ba shi filafili, sandar tuƙin nan. Ya zura shi a ruwa, bai kai rabi ba ya caki laka. Ya matsa ya sake zurawa, haka. Na ce a raina yau mun mayar da shi baranda. Ya jawo filafilin ya murza lakar da yatsu. Sai kawai ya fashe da dariya ya ce kogin ya yi ƙaura bai sallame shi ba. Sannan a gaban surukinsa da jikokinsa ya ce shi ne ya yi kuskure, matuƙiya ta yi daidai, kuma daga yau in riƙa faɗa masa abin da na gani, shi ya faɗa mini abin da ya ji. Ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba.

A tsibiri shi ya hana Fermin juya naman, wai ƙarar kitsen ba ta yi ba tukuna. Ya ci har ya nemi ƙari.

Shekaranjiya na karanta masa wasiƙarka ta farko, ban ɓoye masa komai ba. Ya ce in gode maka, ya san ƙauna ce, amma ba zai iya tafiya ba, yana da ɗaliba da har yanzu take buga gadar katako in za ta tsaya. Ya ce ku zo hutun Ista ku biyu, akwai wuri a jirgin. Sai dai wai ka sani tun yanzu, a baya za ka zauna.

Ƙanwarka mai kewarka,
Nelida