Gyaran da ba ya shiga leda

Litinin, 6 ga Mayu

Nadège, 'yar maƙwabtana, ajiye wankin nan, zo ki rubuta min yanzu, don Allah, kafin numfashina ya ɗauke. Masu duba awo sun shiga butik ɗin Sulaimanu, kantin nan na unguwar Poumpoumré, inda nake kai garin kununa. Sun ce leda ba za ta ƙara ɗaukar "rabin mudu" ba. Giram kawai. Ni ina na san giram? Uwata da mudu ta auna, ta cika shi har ya yi tozo, ta ƙara gyara. Wanda ya tauye mudu, kin san inda za shi ranar tsayuwa. To, ku ma a cocinku ai an faɗa muku.

Laraba, 8 ga Mayu

Sulaimanu ya aiko sikeli. Ƙarfe mai ido. Ban taɓa shi ba.

Juma'a, 10 ga Mayu

Zenaba surukata ce ke rubutu yau. Ta auna, ta liƙe ledoji. Ba tozo, ba gyara. Ƙaltume mai kunu, wadda ke sayen garina tun tana goyon fari, ta ɗaga leda ta ce, "Inna, hannunki ya bushe ke nan?" Yau ko abinci ban iya ci ba.

Asabar, 11 ga Mayu

Nadège, da mutanen gida suka fita, na ɓalle kowace leda na zuba hannu guda. Kar ki gaya wa Zenaba.

Talata, 14 ga Mayu

Sulaimanu ya dawo da su duka. Wai lambar da ke jiki da abin da ke ciki sun saɓa, kuma bakin leda a buɗe. Na ce ƙari ne fa, ba ragi ba! Ya ce, "Inna, in suka rufe min butik, a gidanki zan kwana?" Wai in na sake, ya daina karɓa.

To, Allah ko sikeli?

Asabar, 18 ga Mayu

Nadège, rubuta. Leda ta tsaya yadda ƙarfen ya ce. Gyaran na ƙulle shi daban, ɗan ƙulli, na ɗaura a wuyanta. Sulaimanu ya jujjuya, ya ce kyauta ce, ba zai hana ba.

Yau ni na ɗora garin a kan sikelin da kaina. Ba wai na yarda da shi ba ne, Zenaba ce ba ta nan. Mudun kuma kaji ke cin dusa a ciki, na ɗan lokaci.

Kafin kowa ya ji, je ki gaya wa Ƙaltume. Ki ce hannun bai bushe ba.