Bugun sandar Yaya Shozo

Zuwa ga 'yata Chizuru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Norio da yaran, ina kuma fatan kin fara samun barci. Kowace safiya idan na kunna turare a gaban hoton kakanninki ina roƙa muku lafiya ɗaya bayan ɗaya. Yanzu hoton babanki, Yaya Shozo, ya shiga cikinsu, da wannan ɗaure fuskar tasa kamar mai hoton ya zage shi. Ni dai gwiwar nan ce kawai, ita ma mun saba da juna. Kwalin lemon da kika aiko ya iso, na raba wa maƙwabta. Dusar ƙanƙarar bana ta haura rabin tagar ɗakin girki, ku can Fukuoka sai dai ku gani a talabijin.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Kin ce za ki kai ƙarar mai unguwa Kurabayashi ofishin gari, saboda babanki ya kwana uku a ƙasa cikin gidansa babu wanda ya leƙa shi. Kada ki kai, 'yata. Mutumin nan bai yi sakaci ba, asirina ya rufa, kuma na gaji da barinsa yana ɗaukar kayan da ba nasa ba.

Shekara ashirin da barinki garin nan, amma layinmu bai canja ba. Kafin gari ya waye motar share titi ta bi, ta bar wa kowa tudun ƙanƙara mai tauri a ƙofarsa. Shida da rabi a sako mana ruwa a kwata, mu ɗaga murfin ƙarfe, kowa ya sassara nasa ya tura ciki. Ƙarfe bakwai a juya ruwan zuwa layin gaba, wanda ya makara ya yini da tudunsa. Daga nan Kurabayashi ya zaga gidajen tsofaffi. Ƙofar da ba a share ba ita yake ƙwanƙwasawa, wadda aka share kuwa mai ita lafiya lau, sai ya wuce.

Kin tuna a Disamba da na buga miki waya na ce babanki ya hau rufin gida da shebur yana kwashe ƙanƙara, mutum mai shekara tamanin ba ɗaya, kika yi masa faɗa kika ce ko ya daina ko ki zo ki tafi da shi? Washegari ya tare ni a bakin kwata ya ce mini 'yar rahoto, wai tun ina shekara biyar nake kai ƙararsa wurin Inna, kuma kada in kuskura in sake taka masa ƙofa. Na ce wa ma yake marmarin gidan da ba ya warin komai sai kananzir da busasshen kifi. Kin san halinmu, ba mai sunkuya wa wani.

Sai dai a rufin nan ya gurɗe kafaɗa, ba ta ƙara ɗaga shebur ba. Shi ya sa da an sako ruwa nake fara zuwa ƙofarsa in share masa, sannan in ruga tawa da abin da ya rage na lokaci. Ƙofar kanta ban taɓa ta ba. Shi kuma da ya ji karan shebur ɗina sai ya buga gilashin taga da sandarsa, wai in tafi. Ni kuma in ɗaga murya in ce buga da kyau, tsoho, ƙofarka dai ban taka ba. Wata guda muna haka. Ba zan ɓoye miki ba, daɗi nake ji, gaisuwar safiyarmu ke nan.

Ranar Talatar makon da ya rasu na share, ban ji bugu ba, na ce barci ya ɗauke shi. Ranar Laraba na ji. Amma ba gilashi ba ne, itace ne, daga can ƙasan ƙofa, a hankali, ya buga ya tsaya, ya sake bugawa. Na ji da kunnena, Chizuru. Na yi dariya na ce yau kuma sabon salo ne, buga da kyau, tsoho, ƙofarka dai ban taka ba. Ya ƙara bugawa. Na duba agogo na ga saura minti goma a ɗauke ruwa, na saɓa shebur na tafi. Da Kurabayashi ya zo zagaye ya ga ƙofa a share amma labule a rufe, sai ya biyo ni ya tambaya ko Shozo lafiya. Na ce masa lafiya lau, yanzu ma ya gama korata.

Ranar Alhamis shiru. Na tsaya har aka ɗauke ruwa, sai na lura bututun murhunsa na ɗumama ɗaki ba ya tururi. Na tura ƙofar. Yana kwance a wurin cire takalma, kansa taku biyu daga inda nake tsayawa, sandar tana hannunsa. Likita ya ce tun yammacin Litinin ya faɗi ya karya ƙugu, kananzir ya ƙare a murhu, sanyi ya ƙarasa shi, wataƙila da yammacin Laraba. Da aka tambayi Kurabayashi, cewa kawai ya yi ya ga ƙofa a share ya wuce. Ranar jana'iza ya rusuna miki kika kau da kai, kika zo kika kwanta a kafaɗata kina cewa Gwaggo, ke kaɗai kika rage mini.

Zuciyata ta karye, kuma ban san yadda ake neman gafarar irin wannan ba. Yayana ya ji muryata, ya san ni ce, ya kira ni da abin da ya rage masa, na ba shi amsa da tsokana. Da ban share ƙofar ba, da tun Talata an ɓalla ta.

Addu'ar kwana arba'in da tara ranar shida ga Maris ce, a gidansa. Ki gaida Norio, ki ce na gode da ɗawainiyar da ya yi. Ki gaida Sayuri da ƙaramin Kenzo, da surukarki. Idan kin ce kada in shiga, ba zan shiga ba, kuma ba zan ga laifinki ba. Za ku dai tarar da ƙofar a share, yadda yara za su wuce ba tare da sun zame ba. Zan gama kafin bakwai in koma gida. Wannan kam na iya shi.

Gwaggonki,
Hatsue