Kaset ɗin Baba

Fadikpe, Minna

Yaya Azumi,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Ni lafiya lau, aikin walda na tafiya.

Ranar Talata da safe na kunna kaset ɗin da marigayi Baba ya aiko mini bara, sai na ji muryata. Ashe a kansa na ɗauki sabuwar waƙata, don duk kamarsu ɗaya. Mai gyaran rediyo ya ce abin da aka goge ba ya dawowa. A ƙarshe kawai Baba ya rage, yana cewa, "Ka riƙa cin abinci."

Don Allah ki bincika ko wani yana da muryarsa. Kada Inna ta ji tukuna. Maƙwabcina Noah kaɗai ya sani, don yana wurin lokacin da na kunna kaset ɗin, shi ya kashe rediyon.

Ƙaninki,
Maiwada