Na Ɓoye Kwalayen da Maigidana Ya Ce a Ƙona

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya ɗaure. Shekara talatin da huɗu da aurenmu ban taɓa yi wa maigidana ƙarya mai nauyi ba sai bana.

Farfesa ne, mai binciken cututtukan da ke cinye ƙarfin tsoka, irin wanda mutum zai fara da kasa hawa bene ya ƙare a keken guragu. Ni telar mata ce, ban san komai a harkar ba sai abin da nake tsinta a bakinsa wajen cin abinci. An ce dubban masu bincike sun ambaci rubuce-rubucensa, ɗalibansa har sun zama farfesoshi. A gida kuwa tabaransa yana bisa goshi zai tashe mu nemansa.

Duk majinyacin da ya zo, sai ya ɗora shi a kujera, ya riƙe agogo, ya rubuta daƙiƙa nawa ya yi kafin ya miƙe. Bayan wata shida a sake. Haka ya bi wasunsu har shekara ashirin, da rubutun hannunsa, har kwali goma sha ɗaya. Da ya yi ritaya ya jibge mini su a ɗakin ɗinki, na yi mita har na gaji.

Wata uku da suka wuce ya haɗu da wata tsohuwa a ƙofar asibiti, 'ya'yanta biyu sun rasu a hannunsa. Ta yi masa godiya, sannan ta tambaye shi ko yanzu an samo maganin. Ya ce ba a samu ba. Tun ranar ya canza. Cewa yake ya ƙare rayuwarsa yana auna mutuwar mutane da agogo. Ya ce in sa a ƙona kwalayen. Na ce masa an ƙona, alhali suna gidan ƙanwata, a bayan buhunan auduga.

Yanzu wata tsohuwar ɗalibarsa ta zo nemansu, wai za a gwada wani sabon magani, kuma sai an san yadda ciwon ke tafiya in ba magani, abin da babu a ko'ina sai a takardun nan. A gabana ya ce mata sun zama toka. Ta fita da hawaye, ni ina riƙe da tire kamar gunki. In ba ta a ɓoye? Ko in faɗa masa, ya san na raina maganarsa? Tausayinsa nake ji, tsoro kuma nake ji.

Matar Farfesa

AMSA

'Yar'uwa, ƙaryar ba ta yi kyau ba, amma hannunki ya yi daidai da ya ƙi kunna ashana. Sai dai kada ki ba ɗalibar a ɓoye. Sirrin majinyata ne a ciki, akwai ƙa'idar asibiti kan wanda zai buɗe shi, kuma ranar da maigidanki ya ga aikinsa a hannun wata zai gane mutum biyu ne suka zagaye shi. A yau ɗin nan ma ki tabbatar babu mai taɓa su a gidan ƙanwarki.

Shi ma ki yi masa uzuri. Makoki yake yi, na mutanen da ya riƙa dannewa a zuci don aiki ya tafi, kuma mai makoki ba a yi masa lissafin lambobin yabo. In damuwar ta ci gaba, ko ya daina cin abinci, ya ga likita.

Ki zaɓi lokacin da kuke ku biyu, ki faɗa masa kai tsaye, ki nemi afuwar ƙaryar ba tare da dogon bayani ba. Zai yi fushi, ki bar shi ya yi. In ya huce, ki tuna masa cewa mutanen nan sun san ba su za a warkar ba, duk da haka suka dafa gwiwa suka miƙe masa cikin azaba, don na baya. Wahalarsu ce a kwalayen, ba shi da ikon ƙona ta shi kaɗai. Daga nan ki yi shiru, ya yanke hukunci da kansa, in ya yarda ya miƙa da hannunsa.

Allah ya sanyaya masa zuciya, ya ba ki ƙarfin buɗe baki.